Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai kan yaran da ba a kammala wa rigakafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwar ban girma, mu 'ya'yanku ne masu aikin rigakafi da jinyar yara a asibitocin Arewa. Abin da ya sa muka rubuto shi ne yaran da ake fara wa allurar rigakafi a bar ta a hanya, da waɗanda ko farawa ba a yi musu ba. Mun zaɓi mu yi magana da ku domin babu haihuwar da ake yi a unguwa ba ku ji ba, kuma idan shakka ta kama magidanci, ƙofarku yake zuwa kafin ya zo tamu.

A watan Disambar 2022 aka kai wa hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, rahoton ɓullar mashaƙo a Kano da Legas. Kafin 2023 ta ƙare, waɗanda aka tabbatar sun kamu sun haura 10,000, mafi yawansu a Kano, sai Yobe, Katsina, Borno da Bauchi, kuma cutar ta taɓa 'yan'uwanmu na yankin Damagaram a Nijar. Galibinsu yara ne da ba su kai shekara 15 ba, kuma mafi rinjayensu ba su kammala rigakafi ba. Wannan cuta ce da aka samu rigakafinta tun shekarun 1920. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna yara sama da miliyan 2 a Najeriya ba su samu ko ta farko ba a allurar Penta, mai kare cututtuka biyar a haɗe har da mashaƙo, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawa a wannan shekarar. Abin da zafi, domin maganin yana nan, kyauta ne a asibitin gwamnati, yaran kuma muna ganinsu suna wasa a ƙofar gida.

Muna so mu bayyana muku abin da ke faruwa a jikin yaro bayan an yi masa allura, domin wanda ya fahimci wannan ba sai an roƙe shi ya koma karo na biyu da na uku ba.

Kowace ƙwayar cuta tana da wata siffa a jikinta, ko furotin ko wani irin sukari, wadda da ita jikin mutum yake gane cewa baƙuwa ce. Abin da ke cikin kwalbar rigakafi shi ne wannan siffa, an raba ta da ƙarfin cutarwa. Idan aka yi wa jariri Penta a cinya, rabin mililita kacal, cikin 'yan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini za su taru a wurin. Taruwar tasu ce ke sa wurin ya yi ja, ya ɗan tasa, yaro ya ƙi a taɓa masa ƙafa. Wasu daga cikinsu sai su haɗiye abin da aka zuba, su ɗauke shi zuwa kaluluwa mafi kusa, wato ta matse-matsi, ko ta hammata idan a damtse aka yi allurar. Jama'a sun fi sanin kaluluwa idan ta kumbura, amma kullum tana nan, kuma a cikinta ake yin ainihin aikin.

A cikin kaluluwa akwai wasu fararen ƙwayoyin jini iri biyu da likitoci ke kira ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Suna da yawan gaske, amma kowace ɗaya siffa ɗaya tak take iya ganewa. Daga cikin miliyoyi, 'yan ƙalilan ne za su dace da siffar da aka kawo. Waɗannan 'yan ƙalilan sai su shiga rarrabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su yi yawa. Ƙwayoyin T suna ba da izini da taimako, wasunsu kuma aikinsu kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga ta ɓuya a ciki. Ƙwayoyin B su ne ke ƙera sinadarin kariya da ake kira antibodi, wanda ke yawo a jini, ya liƙe wa ƙwayar cuta ko gubarta ya hana ta aiki. Daga ranar allura zuwa ranar da wannan sinadari zai fara bayyana sosai a jini, ana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Abin da jiki ya ƙera a karon farko kaɗan ne, riƙonsa ba shi da ƙarfi, kuma yana raguwa da sauri. Amma aiki bai tsaya ba: makonni ana tacewa a cikin kaluluwa, ƙwayoyin B da suka fi iya riƙe siffar su ake bari, sauran su mutu. Daga cikin waɗanda suka tsira, wasu su koma cikin ɓargo su zauna suna zuba antibodi a jini shekara da shekaru, wasu kuma su zama masu ajiyar tuni, suna jiran ranar da siffar za ta sake dawowa. Allura ta biyu su take tayarwa. A wannan karon cikin 'yan kwanaki amsa take fitowa, ta ninka ta farko yawa da inganci. Ta uku ita ke kai kariyar matsayin da za a iya dogara da ita. Malamai sun fi mu sanin wannan a makarantar allo: yaron da aka biya wa karatu sau ɗaya ya wanke allo bai haddace ba, sai ya yi ta maimaitawa, da tazara tsakani, kafin karatun ya zauna.

Dalilin tazarar mako huɗu ke nan tsakanin Penta ta farko a mako 6, ta biyu a mako 10, da ta uku a mako 14. Idan aka yi gaggawa aka bayar kafin mako huɗu ya cika, jiki bai gama tacewa ba, allurar ba za ta yi cikakken amfani ba. Idan kuma aka makara, ko da wata biyar ne, ba a komawa farko. Jiki bai manta ba. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Muna roƙo ku isar da wannan ga iyaye mata, domin da yawansu kunya da tsoron faɗan ma'aikaci ke hana su dawowa idan ranar ta wuce, wasu kuma suna zaton an riga an yi asara.

Mashaƙo ya isa misali kan abin da ya sa ba a jira sai cuta ta zo. Ƙwayar tana sauka a maƙogwaro, cikin kwana 2 zuwa 5 alamu su bayyana: zazzaɓi, ciwon wuya, sai wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Amma abin da ya fi kisa shi ne gubar da ƙwayar ke saki cikin jini, wadda ke lalata tsokar zuciya da jijiyoyi. Akwai yaron da zai ga kamar ya warke, bayan mako biyu zuciya ta gaza. Jikin da bai taɓa ganin wannan guba ba yana bukatar wajen mako biyu ya ƙera makarinta, ita kuwa gubar ba ta jira. Jikin da ya samu allura uku yana da makarin a jini tun kafin ƙwayar ta iso. A asibiti ana ba mai mashaƙo makarin gubar da ake samowa daga jinin doki, tare da maganin kashe ƙwayar cuta irin su fenisilin, sai dai makarin yana da ƙaranci a duniya, kuma gubar da ta riga ta shiga tsoka ba ya iya ciro ta. Ko da magani, a cikin masu cutar 100 ana rasa 5 zuwa 10, abin ya fi haka a ƙananan yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke cikin Penta na mashaƙo ba ƙwayar cutar ba ce, gubar ce aka kashe mata kaifi aka bar siffarta. Haka na sarƙewar haƙora. Na tarin lala matattun ƙwayoyi ne. Na ciwon hanta wani ɓangare ne na fatar ƙwayar, ba ya iya haihuwa balle ya sa cuta. Na biyar shi ne na ƙwayar Hib mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Ita wannan, da wata ƙwayar ciwon huhu da allurar PCV ke karewa, rigar sukari suke sanye da ita, kuma jikin yaron da bai kai shekara biyu ba bai iya riƙe tunin sukari shi kaɗai. Sai masana suka ɗaure sukarin a jikin furotin domin ƙwayoyin T su shigo cikin aikin. Duk waɗannan ba rayayyu ba ne, shi ya sa suke bukatar maimaici. Akwai kuma rukuni na biyu, rayayyun ƙwayoyi da aka raunana: BCG na tarin fuka, ɗigon shan inna, ɗigon rota na gudawa, allurar ƙyanda da ta shawara. Su suna ɗan hayayyafa a jiki kamar cutar gaske amma ba su da ƙarfin kwantar da mai lafiya.

Jariri ba ya zuwa duniya hannu rabbana. A watannin ƙarshe na ciki, antibodin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jininsa, dakashi kuma yana shafe masa hanji da wata kariyar, shi ya sa zubar da dakashi babbar asara ce. Amma wannan aro ne, yana ƙarewa cikin 'yan watanni. A kan wannan aro aka gina abubuwa biyu. Na farko, allurar Td da ake yi wa mai ciki, aƙalla sau biyu da tazarar mako huɗu, ta biyun kafin haihuwa da aƙalla mako biyu, ita ce ke kare jariri daga sarƙewar haƙora idan ƙwayar ta shiga ta cibiya. Wannan ƙwaya a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ba daga mutum ake ɗaukarta ba, don haka rigakafin maƙwabta ba ya kare kowa. Reza marar tsabta, toka ko wani abu da aka shafa a cibiya, da askar wanzami wajen cire beli, duk ƙofofi ne. Na biyu, allurar ƙyanda. Idan aka yi ta da wuri, antibodin uwa zai kashe raunanniyar ƙwayar kafin jikin yaron ya koyi komai. Shi ya sa ake jira sai wata 9.

Ko a wata 9 ɗin, a cikin yara 100 kimanin 85 ne allurar ke kamawa. Saboda ragowar 15 ɗin aka sa ta biyu a wata 15, kuma ita ce allurar da aka fi mantawa da ita, domin a lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta ɗauka an gama. Ku duba lissafin: a unguwa mai yara 100, idan 60 suka samu allura ɗaya, wajen 51 ne ke da kariya, 49 suna fili. Ita kuwa ƙyanda, mutum ɗaya yana iya harbin 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita. Sai an kai kashi 95 cikin 100 da allura biyu kafin ta rasa hanyar wucewa, kuma wannan katanga ita ce kawai kariyar jaririn wata biyar da lokacin allurarsa bai yi ba. Ba mu yarda da maganar cewa ƙyanda ciwo ne da kowane yaro sai ya yi ba. Tana makantarwa, tana kawo ciwon huhu, tana jefa yaro cikin tamowa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna tana goge kashi 11 zuwa 73 na antibodin da yaro ya riga ya tara na wasu cututtuka. Abin da iyaye ke faɗa ke nan idan suka ce tun da ya yi baƙon dauro bai sake lafiya ba.

Akwai tambayar da muka san ana kawo muku: an yi wa yaro rigakafin sanƙarau, ga shi ya yi sanƙarau. Amsar tana cikin abin da muka faɗa a baya, cewa jiki siffar da aka nuna masa kawai yake ganewa. Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce. Nau'in A shi ne ya yi ɓarnar 1996, lokacin da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. An fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ta shigo Najeriya a 2011, kuma tun daga nan nau'in A ya kusa ɓacewa. Annobar 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato nau'in C ce, wadda waccan allura ba ta shafa ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a haɗe. Haka nan BCG: ƙarfinta yana wajen kare ƙananan yara daga tarin fuka mai hawa ƙwaƙwalwa ko mai bazuwa a jiki, ba ta hana babba kamuwa da na huhu yadda ake so. Gara a faɗa wa mutane iyakar kowace allura da a yi musu alkawarin da ba zai cika ba.

Zazzaɓin bayan allura shi ne babban abin da ke korar iyaye, musamman maza, waɗanda ke cewa an kai yaro lafiya lau an dawo da shi yana kuka. Bayan Penta, zafin jiki da rigima na kwana ɗaya zuwa biyu abu ne da aka sani, alamar fararen ƙwayoyin jini sun kama aiki. A ci gaba da ba shi nono, a rage masa kaya, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikaci ya auna da nauyinsa, kada a murza wurin ko a gasa shi da ruwan zafi. Na ƙyanda yakan makara, sai bayan kwana 7 zuwa 12 a ga ɗan zazzaɓi, wani lokaci da 'yan ƙuraje, ya wuce da kansa. BCG kuwa bayan mako biyu zuwa uku wurin yake yin ƙurji, ya fashe, ya warke ya bar tabon lamba. Kada a matse, kada a sa masa komai. Abin da ke bukatar a garzaya asibiti shi ne jijjiga, zazzaɓi mai tsanani, kukan da ya wuce sa'a uku ba tsayawa, ƙin kama nono, ko kumburi mai ruwa a wurin allura. Akwai kuma mummunan borin jini mai toshe numfashi, wanda ke faruwa kusan sau ɗaya a allura miliyan, cikin mintunan farko. Saboda shi ake cewa uwa ta zauna minti 15 zuwa 30 kafin ta tafi, kuma dole a samu allurar adirenalin a teburin rigakafi. Mura, ɗan tari, gudawa marar tsanani ko rama ba sa hana rigakafi. Yaro mai tamowa ma ya fi kowa bukata.

Ba duka laifin ke wuyan iyaye ba. Akwai gyaran da ke ɓangaren asibiti, kuma da yawanku kuna cikin kwamitin ci gaban mazaɓa, kuna da hurumin shiga ku duba. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana kashe rayayyun, musamman ɗigon shan inna. Daskarewa kuma tana lalata Penta, PCV, Td da ta ciwon hanta, domin akwai sinadarin alminiyom a cikinsu da ke taimakawa wajen tayar da garkuwar jiki, idan ya daskare sai ya dunƙule, ba ya komawa daidai ko an narke. Allurar da ta lalace haka idan aka yi wa yaro, an rubuta a kati, uwa ta koma gida da kwanciyar hankali, alhali jikinsa bai samu abin kirki ba. Wannan ya fi rashin yi muni, domin babu wanda zai sake nemansa.

Idan kun shiga, ku nemi takardar da ake rubuta sanyin firiji. Safe da yamma ake cikawa, har ranakun hutu. Ku ɗauki kwalba ku dubi 'yar alamar da ke jikinta, murabba'i a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin yana da kyau. Idan launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya gama da shi, zubarwa za a yi ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Wannan alama ba ta nuna daskarewa. Idan ana zargin kwalba ta daskare, ana daskarar da wata irinta da gangan, a narke ta, a girgiza su tare a ajiye. Idan wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar waccan, da gudaji-gudaji a ƙasa, ta lalace. Inda aka fi yin wannan ɓarna shi ne wajen fita ƙauyuka: a ciro ƙanƙara daga firiza a jera kwalabe a jikinta kai tsaye. Ƙa'ida ita ce a bar robobin ƙanƙarar a waje har sai an girgiza an ji motsin ruwa a ciki, sannan a sa su a akwatin sanyi.

BCG, ƙyanda da shawara gari ne a kwalba, sai an haɗa da ruwan da kamfaninsu ya turo tare da su, shi ma mai sanyi. Da zarar an haɗa, sa'a 6 ke gare su, ko ƙarshen zaman ranar, duk wanda ya riga zuwa. Bayan nan zubarwa ake yi, domin ƙarfinsu ya tafi kuma wasu ƙwayoyin cuta na iya tsirowa a ciki su kashe yaro. Daga nan wata matsalar ke tasowa. Kwalbar ƙyanda ta yara 10 ce, ta BCG ta yara 20, sai ma'aikaci ya ji tsoron asara ya ce wa uwar da ta taho daga nesa ta koma sai yara sun taru. Mafi yawa ba sa dawowa. Ƙa'idar aiki ita ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya, kuma muna so ku tsaya a kan haka. Ku kuma lura da wurin da ake soka allura: irin su Penta da PCV a gefen cinya ta waje ake yi wa jariri, ba a ɗuwawu ba, saboda akwai babbar jijiya a can, kitsen wurin kuma yana rage aikin maganin. Sirinji ɗaya na yaro ɗaya ne, irin mai kulle kansa bayan an yi amfani da shi. Duk wanda ya nemi kuɗin allura ko na kati a asibitin gwamnati, a kai maganarsa gaba.

Sai maganar shan inna, wadda muka san ta gajiyar da mutane. Suna cewa kullum ɗigo, ga zazzaɓin cizon sauro ba magani. Ƙorafin yana da tushe. Amma ga dalilin maimaicin: ɗigon yana aiki ne a hanji, kuma a inda gudawa da wasu ƙwayoyin hanji suka yi yawa, sau da dama ɗigo biyun nan suna wucewa ba su kama ba, sai an yi ta maimaitawa. A cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga, kusan ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yaɗa ta ta bayan gida ba a sani ba. An ga ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji, karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Abin da ya rage shi ne raunanniyar ƙwayar ɗigon kanta, wadda idan ta samu unguwar da yara da yawa ba su da kariya, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji tsawon watanni har ƙarfinta ya dawo. Inda aka yi wa kusan kowa, ba ta samun wannan dama. Shi ya sa aka haɗa da allurar shan inna ta IPV a mako 6 da mako 14, aka kuma kawo sabon ɗigo da ya fi wuyar rikiɗewa, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a 2021.

Ba mu manta da abin da ya haifar da zargi ba. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu, maganar ta kai kotu har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Wanda ya ji tsoro bayan wannan ba wauta ya yi ba. Sai dai Trovan maganin jinya ne da ake gwadawa, ba allurar rigakafi ba. Lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a 2003, cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe wajen 20, har aka dawo da shi a Kano a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci su ne yau ke zuwa awo da goyo a bayansu. Kuma duk maniyyacin da ya sauke farali ya karɓi allurar sanƙarau da ta shawara kafin ya hau jirgi, domin Saudiyya ba ta karɓar baƙo daga nan sai da su. Sarakuna sun riga sun nuna abin da za su iya tun da aka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a matakin farko a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Abin da aka yi wa shan inna shi muke nema a yi wa rigakafin yau da kullum.

Ga inda muke ganin hannunku zai fi tasiri. Allurar ciwon hanta ta farko a cikin sa'a 24 na haihuwa ta fi amfani, domin jaririn da ya ɗauki cutar daga uwa, a cikin 10 kusan 9 suna rayuwa da ita, ta zame musu ciwon hanta mai tsanani ko daji a girma. Yawancin haihuwa a gida ake yi, maijego kuma ba ta fita. To ba sai ta fita ba: uba, kaka ko ungozoma su kai jaririn, a haɗa masa da BCG da ɗigon farko. Liman idan ya zo raɗin suna, ya tambayi uban ko an karɓo kati. Mai unguwa ya rubuta sunan jaririn da ranar haihuwa a littafi, ya riƙa haɗa littafinsa da rajistar asibiti sau ɗaya a wata, a fitar da sunayen waɗanda ba su dawo ba, a bi su gida. Lissafin ranakun ba wuya: kwana biyu bayan arba'in Penta ta farko take, sai a ƙara mako huɗu, a sake ƙara mako huɗu, sai wata 9, sai wata 15.

A kula da mai haihuwar fari da ta tafi wankan gida. A garin iyayenta ake fara wa jaririn, ta dawo ɗakinta an bar katin a can, asibitin nan ba su san da shi ba, na can suna zaton ya ɓace. Kati ya bi yaro duk inda ya tafi, kuma kowane asibitin gwamnati zai ɗora daga inda aka tsaya. Haka yaran makiyaya, da na waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu suka sauka a unguwanninku. A sanar da jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma domin a kai musu har inda suke. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ba a taɓa yi masa ba, shi ma a kawo shi, ma'aikaci zai duba abin da ya dace da shekarunsa.

Ga malamanmu kuma, muna roƙon a yi wa magidanta magana kai tsaye a huɗuba da wuraren ɗaurin aure, domin mace da yawa tana so, izini da kuɗin mota take jira. Maigida ya ba da izini tun kafin haihuwa na dukkan zuwa shida, na haihuwa da biyar da ke biye, kada sai an sake tambayarsa kowane wata. Idan kuma aka ga yaro da ciwon wuya da farar fata a maƙogwaro, ko zazzaɓi da ƙuraje da jan ido, ko ƙafa ta saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar, a ware shi daga sauran yara, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamai lafiya, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Daga 'ya'yanku,
wasu ma'aikatan rigakafi da jinyar yara a Arewacin Najeriya.